Naman Kaza na Daji da Girkin da Ba a Sa Nama

Bahaushe yana da suna biyu ga abin nan da kan tsiro da damina a gindin itatuwa, da kan juji, da gefen suri, bayan an kwana ana ruwa. Wani lokaci ya ce naman kaza, wani lokaci kuwa ya ce laimar kwaɗi. Sunan farko yabo ne, domin ya kamanta abin da nama, kuma ba kowane irin nama ba, na kaza, wadda akan yanka wa baƙo mai daraja. Na biyun kuwa raini ne da ƙyama, gama ba mai son ya kai bakinsa inda kwaɗo ya fake. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda abu guda ya zama abincin alfarma a wasu ƙasashe, har ya tsaya a gurbin nama ga mutanen da suka ƙaurace wa nama, alhali kuwa shi ɗin ne yake zama ajalin waɗansu a kowace shekara.

A shekarar 1957 wani Ba'amurke ma'aikacin banki, Gordon Wasson, da matarsa Valentina, wadda likita ce 'yar asalin Rasha, suka buga wani babban littafi mai juzu'i biyu a kan naman kaza da tarihin Rasha. Bisa ga labarin da suka bayar, asalin binciken gardama ce ta miji da mata. Suna yawo cikin daji a 1927, ba a daɗe da ɗaura musu aure ba, sai amarya ta ga naman kaza irin na ƙasarsu, ta durƙusa tana tsinka da murna, ango kuwa ya ƙi ko ɗanɗana abin da ta dafa, yana zaton zai wayi gari gwauro. Daga nan suka raba al'ummomin duniya gida biyu, watau masu ƙaunar naman kaza, kamar Rashawa da Italiyawa, da masu tsoronsa, kamar Ingilishi. Rabon ya yi kauri da yawa, amma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Mutanen biranen Hausa sun fi kusa da gida na biyu, don ba safai akan ga an kasa shi a kasuwa kamar yadda ake kasa kuɓewa ko yakuwa ba. Yarabawa kuwa, masu kiransa olu, da Ibo, masu kiransa ero, suna gida na farko. Tun a 1975 B. A. Oso na Jami'ar Ibadan ya wallafa bincike a kan sunayen da Yarabawa ke ba ire-irensa da tatsuniyoyin da suka danganta da shi.

Mene ne Naman Kaza?

An daɗe ana lissafa shi cikin tsirrai, saboda daga ƙasa yake fitowa kuma ba ya motsi. A 1969 ne wani masanin halittu na Amurka, Robert Whittaker, ya kawo tsarin da ya ware shi, shi da fumfuna da yis ɗin da ke kumbura burodi, ya ba su babban rukuni nasu na kansu. Dalili kuwa shi ne ba su da koren sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, tilas sai sun sami abin da wani ya riga ya haɗa, kamar dai yadda dabba take yi. Binciken ƙwayoyin gado da ya biyo baya ya nuna cewa zumuncinsu da dabbobi ya fi kusa bisa ga zumuncinsu da itatuwa. Ashe wanda ya fara cewa naman kaza bai yi nisa da gaskiya ba, ko da yake harshensa ne ya gaya masa, ba ɗakin bincike ba.

Laimar da ake gani a sama ba ita ce ainihin halittar ba. Jikin yana ɓoye cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace, wasu fararen zaruruwa ne da suka fi yanar gizo-gizo sirantaka, masu yaɗuwa ko'ina. Ita laimar matsayin 'ya'yan itace gare ta, aikinta kawai ta zubar da ƙwayoyin iri masu kama da ƙura daga siraran shafukan da ke jere a ƙarƙashinta, iska ta kwashe. Shi ya sa takan fito dare ɗaya ta ruɓe cikin 'yan kwanaki, alhali uwar tana nan shekara da shekaru.

Yadda uwar take samun abinci shi ne ya raba wanda ake nomawa da wanda tilas sai an shiga daji. Waɗansu ruɓaɓɓen abu suke ci, taki ko ƙaiƙayi ko gungumen itace, kuma irin waɗannan ba su da wuyar nomawa. Faransawa sun fara noman farin nan da ake sayarwa a manyan kantuna tun ƙarni na 17 a kewayen birnin Faris, ƙasar Sin kuwa ita ce ta fi kowa noman ire-irensu a wannan zamani, da rata mai yawa. Waɗansu kuma sun ƙulla cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da itace mai rai: zaruruwansu sukan naɗe saiwoyinsa, su kawo masa ruwa da gishirin ƙasa, shi kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ya haɗa. Mafi yawan waɗanda suka fi tsada a duniya suna cikin wannan rukuni, kamar porcini na Italiya da matsutake na Japan, kuma har yanzu ba a iya nomansu a gona don kasuwa ba. Doka da kawo, da ake samu a dazuzzukan kudancin ƙasar Hausa, suna daga cikin itatuwan da ke da irin wannan abota, don haka duk inda aka sare su aka yi gawayi, ba inuwa kaɗai aka rasa ba. Japan ta ga irin wannan asara da idonta. A 1941 an tsinci matsutake kimanin tan 12,000 a ƙasar, amma bayan cuta ta kashe itatuwan da yake rayuwa tare da su, mutanen ƙauye kuma suka daina share dazuzzukan kusa da gari, abin da ake samu a shekara ya koma ƙasa da tan 100.

Rukuni na uku ya fi ban mamaki, kuma Afirka ce cibiyarsa. Akwai wata irin gara da ke noma naman kaza a cikin surinta. Takan tauna ciyawa da itace ta gina wani abu mai kama da saƙar zuma, zaruruwan su tsiro a kai su narkar da shi, sa'an nan ita ta ci. Da damina sai laimar ta huda suri ta fito, da doguwar saiwa mai tsini wadda ke komawa har cikin ɗakin garar. Masanin Faransa Roger Heim ne ya ba wannan dangi suna Termitomyces a 1942. Ɗaya daga cikinsu, wanda masana suka bayyana a 1980 daga ƙasar Zambiya, faɗin laimarsa kan kai kusan mita guda, ya ishi gida ɗaya miya. Mutanen Zambiya sun daɗe suna sayar da shi a bakin hanya kafin ya shiga littattafan Turai.

Masu Ƙaurace wa Nama

A watan Nuwamba na 1944 wani malamin koyar da sassaƙa a Ingila, Donald Watson, da 'yan abokansa suka kafa ƙungiyar mutanen da ba su cin nama ko kifi, ba su shan madara, ba su cin ƙwai ko cuku ko man shanu. Sun ɓalle ne daga tsohuwar ƙungiyar masu barin nama kaɗai, wadda aka kafa tun 1847, suka ɗauki kai da wutsiyar tsohon sunan suka haɗa, suka kira kansu bigan. Hujjarsu ta farko tausayin dabbobi ce, daga baya aka ƙara da maganar lafiya da ta yawan filin da kiwo ke cinyewa.

Sunan ne sabo, al'adar ta tsufa. Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham wanda ya rasu a 1057, ya bar nama da nono da ƙwai da zuma, har ya yi musayar wasiƙu da wani babban malami na Alƙahira a kan dalilansa. Kiristocin Habasha mabiya tsohuwar coci suna da kwanakin azumi kimanin 180 a shekara, ciki har da Laraba da Jumma'a, waɗanda ba a cin komai na dabba a cikinsu. A Japan kuwa, Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawakai da karnuka da birai da kaji a wasu watanni tun shekarar 675, saboda tasirin addinin Buda, kuma gidajen ibadar wannan addini suka raya wani salon girki na musamman wanda babu abin dabba a cikinsa. Malaminsu Dogen, wanda ya tafi ƙasar Sin neman ilmi a 1223, ya ba da labarin wani tsohon kukun gidan ibada da ya yi doguwar tafiya a ƙasa zuwa tashar jiragen ruwa, don kawai ya sayi naman kazan Japan da zai yi wa almajirai romon biki.

A ƙasar Hausa kuwa, miyar da ba nama galibi ba aƙida ba ce, aljihu ne. Amma matsalar da ke gaban uwargidan da albashin maigidanta bai kai mahauta ba, da wadda ke gaban kukun gidan ibada na Japan, ɗaya ce: yaya za a yi miya kada ta yi lami?

Ɗanɗano na Biyar

Amsar ta fito daga Jami'ar Tokyo a 1908. Wani farfesan kimiyyar sinadarai, Kikunae Ikeda, ya lura cewa romon da ake yi a gidansu da wata busasshiyar ciyawar teku mai suna kombu yana da wani ɗanɗano wanda ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba. Ya tace sinadarin da ke kawo shi, ya tarar gulutamet ne, ya sa wa ɗanɗanon suna umami. Shekara ɗaya bayan haka aka fara sayar da sinadarin da sunan Ajinomoto, wanda matan Hausa suka sani da farin magi. Turawa sun yi ta shakkar maganar Ikeda kusan shekara casa'in, sai da aka gano wuraren da ke karɓar wannan ɗanɗano a kan harshen mutum a farkon shekarun 2000. Kalmar Hausa da ta fi kusa da shi wataƙila ita ce garɗi, ko da yake garɗi ya fi karkata ga gyaɗa da nono.

A 1957 wani Bajafane kuma, Akira Kuninaka, ya gano cewa wani sinadari dabam mai suna guwanilet yana ba da irin wannan ɗanɗano, kuma yana da yawa a cikin busasshen naman kaza da ake kira shiitake. Abin da ya fi muhimmanci cikin bincikensa shi ne in gulutamet da guwanilet suka haɗu a tukunya ɗaya, ƙarfin ɗanɗanon ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake yi sau da yawa. Nama yana da nasa sinadarin mai irin wannan aiki, shi ya sa ƙashi ɗaya kan gyara tukunyar miya. Wanda ba shi da ƙashi, busasshen naman kaza kan yi masa aikin ƙashin.

A nan ne daddawa ta shigo. Idan aka dafa kalwa, aka surfe, aka rufe ta kwana biyu ko uku, ƙananan halittun da ke ruɓar da ita sukan farfasa furotin ɗin da ke ciki su saki gulutamet mai yawa. Aikin da ruwan waken suya mai gishiri yake yi a madafar Sin da Japan, da wanda tsohon cuku da tumatir suke yi a ta Italiya, shi daddawa take yi a miyar kuka. Dunƙulen Maggi da ire-irensa, waɗanda suka ture ta a gidaje da yawa, sinadarin da ke cikinta suka kawo a takarda mai ƙyalli.

Kama da Wane

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma da wuya a sami inda wannan magana ta fi dacewa. Akwai wani naman kaza da masana ke kira Amanita phalloides, Turawa kuma suna ce masa hular mutuwa. Asalinsa Turai ne, amma ya bi saiwoyin itatuwan da aka yi ta dasawa ya isa Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Shi kaɗai ne ke jawo kusan kashi tara cikin goma na mutuwar da naman kaza ke haddasawa a duniya. Laimarsa fara-fara ce mai ɗan kore, shafukan ƙarƙashinta farare, yana da zobe a wuya, gindinsa kuma yana zaune cikin wata 'yar jaka wadda sau da yawa ƙasa ke rufewa. Rabin laima ɗaya ya isa ya kashe babban mutum. Dafuwa ba ta karya dafinsa, haka suya, haka shanya, haka ƙanƙara. Waɗanda suka ci suka tsira sun ce yana da daɗi.

Ya kamata a fahimci yadda dafin yake aiki, domin a nan ne mutane kan yaudaru. Mutum zai ci ya kwanta lafiya lau. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da zawo mai tsanani su taso. Kwana ɗaya ko biyu sai abin ya lafa, majinyaci ya tashi ya zauna, dangi su yi hamdala, wani lokaci ma a sallame shi daga asibiti. Alhali kuwa a cikin wannan lokaci dafin ya riga ya shiga hanta ya tsayar da aikin da ƙwayoyinta ke yi na sabunta kansu, suna ta mutuwa a hankali. Wajen kwana na uku zuwa na biyar sai ido ya yi rawaya, jini ya daina daskarewa, ƙoda ta biyo baya, hankali ya gushe. A wannan mataki sau da yawa dashen hanta kaɗai ya rage. Saboda haka likitoci suka fi jin tsoron ciwon cikin da ya yi jinkiri bisa ga wanda ya zo nan take. Wanda ya fara amai cikin awa ɗaya ko biyu, galibi wani iri ne mai wahalarwa amma ba mai kisa ba, kamar Chlorophyllum molybdites, babbar farar laimar nan da kan fito a filayen ciyawa na makarantu da gidajen gwamnati a ƙasashe masu zafi, wadda shafukanta kan koma kore-kore in ta manyanta. Duk da haka ba a dogara da wannan, don mai yiwuwa ne an haɗa iri biyu a tukunya ɗaya.

Abin lura shi ne waɗanda abin ya fi shafa sau da yawa ba jahilan daji ba ne, ƙwararru ne a dajin ƙasarsu da suka sami kansu a dajin wasu. A watan Satumba na 2015 asibitin koyarwa na birnin Hanoba a Jamus ya ba da sanarwar mutum fiye da 30 da suka ci hular mutuwa cikin 'yan kwanaki, yawancinsu 'yan gudun hijira daga Siriya, har aka buga takardun gargaɗi cikin harsuna da dama aka lilliƙa a sansanoninsu. Mutanen kudu maso gabashin Asiya da ke zaune a Amurka da Ostireliya sukan ɗauke shi a matsayin wani iri da ake nomawa a kan karan shinkafa a ƙasashensu, wanda shi ma yana da jaka a gindi. A watan Disamba na 2016 mutum 14 suka kamu a arewacin Kalifoniya, uku daga cikinsu sai da aka yi musu dashen hanta, ciki har da jaririya 'yar wata 18. Ko a gida ma ilmin gargajiya yana da iyaka. A lardin Yunnan na ƙasar Sin, inda ake cin ɗaruruwan ire-iren naman kaza na daji, an yi kimanin shekara 30 ana mutuwar farat ɗaya a ƙauyukan kan duwatsu da damina, aka rasa wajen mutum 400, kafin masu bincike su gano a 2010 cewa wani ɗan ƙaramin fari ne wanda ba a taɓa zarginsa ba. Ɗalibin da aka tura karatu waje, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga wata jiha zuwa wata, ya kamata ya ɗauki sanin da ya gada daga kakarsa a matsayin sanin dajin garinsu kaɗai.

Akwai gwaje-gwajen da ake ta yaɗawa a ƙasashe da yawa, kuma babu ko ɗaya mai tushe. An ce cokalin azurfa ko tafarnuwa kan yi baƙi in an dafa su da mai dafi: ba su yi. An ce wanda tsutsa ko dodon koɗi ya ci, mutum ma zai iya ci: dodon koɗi yana cin hular mutuwa ya tafi abinsa. An ce mai dafi yana da ɗaci ko launi mai ban tsoro, an kuwa ga yadda na gaba-gabansu yake. Na zamani a cikin jerin shi ne ɗaukar hoto da wayar hannu a tambayi manhaja. Hoton sama ba ya nuna jakar da ke binne, ba ya nuna launin ƙwayoyin iri, ba ya kawo wari. A 2023 wata ƙungiyar masana naman kaza ta Amurka ta yi gargaɗi a kan littattafan jagora da ake sayarwa ta intanet, waɗanda na'ura ce ta rubuta su ba masani ba. Hanya ɗaya ce tak, a san iri da sunansa da dukkan alamunsa, daga hannun wanda ya daɗe yana cinsa a wannan yanki.

Ƙasashen da suka fi cin naman kaza sun mai da wannan sani aikin hukuma. A Siwizalan garuruwa da yawa suna da jami'an duba naman kaza, mutum ya kai kwandonsa a zazzage a tantance ɗaya bayan ɗaya. A Faransa al'ada ce a kai wa mai kantin magani ya duba. Italiya ta yi doka a 1993 wadda ta ƙayyade kilo 3 ga mutum ɗaya a rana, ta kuma hana zubawa a leda, sai a kwando, don ƙwayoyin iri su riƙa zuba a hanya. Wani bincike da aka yi kusan shekara 30 ana yi a dazuzzukan Siwizalan, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa tsinka ba ya rage yawan abin da zai fito baɗi, ko an yanke ko an tumɓuke, amma tattake ƙasa yana ragewa. Wurin da aka tsinka shi ma abin dubawa ne, gama naman kaza yana zuƙe dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasa, don haka ba a ɗiba a bakin titi ko kusa da bola. A kudancin Jamus har yanzu akan auna burbushin hatsarin tashar nukiliya ta Chanobil na 1986 a cikin wasu ire-irensa.

Abin da Yake Bayarwa da Wanda Ba Ya Bayarwa

Sunan nama kada ya ruɗi kowa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen naman kaza ruwa ne, furotin ɗin da ke cikin giram 100 bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, alhali naman sa yana da fiye da 20, busasshen wake ma haka. Ke nan a bakin mai ci ne yake maye gurbin nama, a jikinsa kuwa wake da gyaɗa da agushi da awara ne ke yin wannan aiki. Yana da wasu bitamin na rukunin B, kuma in an shanya shi a rana yakan haɗa bitamin D. Amma bitamin B12, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi, ba a samun isasshe a cikinsa ko cikin wani ganye. Ba a tace wannan bitamin ba sai a 1948, shekara huɗu bayan kafa ƙungiyar Watson, kuma ita kanta ƙungiyar tana umartar mabiyanta su sha ƙwayarsa ko su ci abincin da aka ƙara masa shi. Hanta takan ajiye na 'yan shekaru, shi ya sa illar kan yi jinkirin bayyana ga babba, amma jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da shi ba shi da wannan ajiya.

A Madafa

Ƙa'ida ta farko ita ce ba a cin na daji ɗanye. Waɗansu ire-iren da ake ci suna da ɗan dafin da wuta ke karyawa. A 2023 mutum 51 suka kwanta, biyu suka rasu, a jihar Montana ta Amurka, bayan sun ci wani iri mai tsada da ake kira morel wanda ba a dafa sosai ba. Mutanen Yunnan suna da wani wanda namansa kan koma shuɗi da zarar an taɓa shi, in bai dahu ba mai ci yakan riƙa ganin 'yan ƙananan mutane suna yawo a ɗaki. Shi ne Janet Yellen ta ci a birnin Beijin a watan Yuli na 2023, lokacin tana Sakatariyar Baitulmalin Amurka, kuma da yake kukun ya san aikinsa ba ta ga kowa ba.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi ruwan da ke jikinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kasko fal, ruwa ya fito, abin ya koma dafuwa maimakon suya, ya yi yauƙi da launin toka. Ƙamshin soyayyen nama yana fitowa ne daga wata haɗuwa tsakanin sukari da furotin, wadda Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ta kankama sai zafi ya wuce na tafasar ruwa. Don haka ake neman kasko mai faɗi da wuta mai ƙarfi, a zuba kaɗan-kaɗan, a bari ruwan ya ƙone ƙaf, sa'an nan a ƙara mai a bar shi ya yi ja kafin a juya. Tafarnuwa daga baya take shiga, don kada ta ƙone ta yi ɗaci. Wani alherinsa shi ne ba ya narkewa kamar kabewa, ba ya kuma yin tauri kamar naman da ya daɗe a wuta, saboda bangon ƙwayoyinsa irin sinadarin ɓawon fara ne.

Shanya kuwa ba ajiya kaɗai ba ce, ƙarin daɗi ce, domin a lokacin bushewa da jiƙawa ne guwanilet ke samuwa da yawa. Kilo 10 na ɗanye kan koma kimanin kilo ɗaya. Ruwan da aka jiƙa shi a ciki shi ne romon, ba a zubarwa, sai dai a tace saboda yashi. Kukun gidan ibada na Japan yakan jiƙa kimanin giram 10 na kombu da busasshen shiitake huɗu ko biyar cikin lita ɗaya ta ruwan sanyi su kwana, da safe ya ɗora a wuta marar ƙarfi, ya tsame ciyawar kafin ya tafasa. Da wannan romo ake dafa shinkafa tare da yankakken naman kaza, da ɗan ruwan waken suya da citta, a barbaɗa soyayyen riɗi. Mutanen arewacin Italiya kuma suna da wani tuwon masara mai laushi da suke kira polenta, awo ɗaya na gari ga awo huɗu na ruwa, a yi ta tuƙawa wajen minti 40. A al'ada man shanu da cuku ake sa masa, amma mai ƙaurace musu yakan tuƙa shi da ruwan jiƙon porcini da man zaitun, ya ɗora soyayyen naman kaza da tafarnuwa a kai, da ɗan matsin lemon tsami. A Folan, daren jajiberen Kirsimeti ba a cin nama, sai a yi 'yan ƙananan ƙullin fulawa da aka cusa wa busasshen naman kaza da albasa, a jefa cikin jan romo.

Ba sai an haye teku ba ma. Ibo suna da wani iri da ke yin dunƙule a ƙarƙashin ƙasa kamar doya, suna ce masa usu, sukan niƙa shi su kwaɓa da agushi su yi curi-curi a jefa a miya, a tauna kamar nama. Wanda ya soya naman kazan suri da manja da albasa har ya yi ja, ya zuba daddawa da attarugu da agushi da alayyafo, ya bi ƙa'idar Ikeda da Kuninaka ke nan ba tare da ya taɓa jin sunansu ba. Haɗa salon ƙasashe a faranti ɗaya ba laifi ba ne in an san aikin kowane abu: daddawa na iya tsayawa a gurbin kombu, man gyaɗa a gurbin man zaitun, awara soyayya kuma ta cike furotin ɗin da ya yi ƙaranci. Abin da ba ya kyau shi ne a tara kayan yaji bakwai a kan abin da aka sha wahalar tsinkowa saboda ƙamshinsa.

Tsofaffin masu shiga daji na Turai suna da wata al'ada in za su ci irin da ba su taɓa ci ba, ko da masani ya tabbatar musu da shi. Iri ɗaya suke dafawa, ba su haɗa shi da wani, su ci cokali biyu ko uku kawai su jira kwana guda, don akwai wanda jikinsa ba ya karɓar abin da kowa ke ci lafiya. Ba su ba yara ƙanana, ba su ba baƙon da bai san abin da ke cikin kwanon ba. Sa'an nan sukan ware guda ɗaya ɗanye, cikakke har da gindinsa, su naɗe a takarda su ajiye a wuri mai sanyi tare da rubuta ranar da wurin da aka tsinko shi, domin in ciki ya murɗa da tsakar dare, shi za a riƙa a tafi da shi asibiti.